Sola ko janareta, ga mai zama a unguwar Nima ta Accra

Tun dumsor ɗin 2015, wato yawan ɗauke wutar lantarki da aka sha a Ghana, mutane ke wannan gardama a Zango. Janareta dai sauƙinsa wajen saye ne, ka biya ka ɗauko, amma kullum kana hanyar gidan mai da galan, ga canjin baƙin mai, ga ƙara, in gidan haya kake wallahi kafin sha ɗayan dare wata Hajiya za ta leƙo ta ce Malam yara na barci fa. Kuma kar ka kuskura ka tada shi a ɗaki, hayaƙin nan kisa yake.

Sola kuwa kuɗin farko ne ke karya mutum, musamman batir. Na lithium ya fi tsada amma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Fanka, fitila, talabijin, cajin waya, duk lafiya lau, ba mai jin motsinka. Sai dai ka jona dutsen guga a ƙaramar inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, nan take za ta fara kuka. Lokacin hunturu ƙura na rufe faifan sola sai an hau an goge, a Yuni kuma hadari ke rage caji.

Ni sola zan zaɓa, in mai gida ya yarda a taɓa masa kwano. Mai walda kam ya riƙe janaretansa.