Ford Fiesta ST mai injin 1.6: zafi ne matsalarta, ba rashin ƙarfi ba

A jerin ƙananan motoci masu ƙofar baya da aka ƙera domin gudu, Fiesta ST ɗin da Ford ya fitar a Turai daga 2013 zuwa 2017 tana cikin waɗanda aka fi taɓa wa injin. Da yawa daga masu sayenta, kafin su san halinta, sun riga sun kai ta an sauya mata lissafin ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, don ƙarin ƙarfi. Wannan shi ne kuskuren farko. Motar ba ta rasa ƙarfi ba. Abin da ke damunta zafi ne, a injin, a iskar da turbo ke turawa, da kuma birkin gaba.

Injin nata EcoBoost ne mai lita 1.6, silinda huɗu, da ƙaramin turbo na BorgWarner. A takardar Turai ƙarfin doki 182 ne da ƙarfin murɗa Nm 240, amma idan aka danne totur har ƙasa, ƙwaƙwalwar injin na sakar mata ƙari na daƙiƙa 15 zuwa 20, ta kai kusan doki 200 da Nm 290. Nauyinta bai kai kilo 1,200 ba a samfurin Turai mai ƙofa uku, kuma tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 6.9. Giyar hannu ce mai shida, babu mai sarrafa kanta ko ɗaya. Wanda bai son taka kuloci ya nemi wata motar.

A kan titi, abin da ke sa mutane son ta shi ne sitiyari da bayanta. Sitiyarin gajere ne, murɗa biyu da 'yan kai ya ƙare, kuma gaban motar na bin hannu nan take. Bayan kuwa ƙarfe ɗaya ne mai murɗuwa ya haɗa tayoyin biyu, tsari mai araha, amma an saita shi yadda idan ka ɗage ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, bayan zai ɗan zame ya juyo maka da hancin motar ciki. Ga wanda ya iya, daɗi ne. Ga sabon hannu a kan kwalta mai jiƙa da tayoyin baya da suka cinye, abin tsoro ne, shi ya sa ba a sa wa wannan motar sababbin taya a gaba a bar tsofaffi a baya. Kujerun Recaro suna riƙe mutum sosai, sai dai mai faɗin jiki zai ji sun matse masa cinya. Kuma gaskiya motar tana da tauri. An sauke ta milimita 15 ƙasa da Fiesta ta gama-gari, tayarta 205/40 ce a kan rim mai inci 17, wato gefen tayar bai wuce milimita 82 ba. Duk ramin da ta taka, ƙashin bayanka zai sani, rim ɗin ma zai sani.

Yanzu ga maganar zafin. A 2017 Ford ya kira wasu motoci masu wannan injin su dawo gyara a Amurka, har da Fiesta ST, daga baya aka yi irin haka a Ingila. Dalilin shi ne idan ruwan lagireto ya ragu, ba abin da ke faɗakar da direba da wuri. Top silinda na ɗaukar zafi a wuri ɗaya, ya tsage, baƙin mai ya feso kan ƙarfe mai zafi, wuta na iya tashi. Gyaran da aka yi ya haɗa da sa na'urar da ke auna yawan ruwan ta kunna gargaɗi a gaban direba. Don haka kafin ka sayi ta hannu, buɗe bonet ka duba robar ajiyar ruwan, ka ga ko akwai waya da ta shiga jikinta, sannan ka sa a bincika lambar jikin motar a tabbatar an yi aikin idan tana cikin waɗanda aka kira. Duba jikin robar ko ta fara tsagewa, ka bi tiyo-tiyon ka nemi busasshen tabon ruwa a mahaɗarsu. Motar da ke shan ruwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, mai yiwuwa ruwan cikin silinda yake shiga. A tada ta da safe tana sanyi: idan ta yi ta rawa na ɗan lokaci, ga farin hayaƙi mai kauri daga salansa, a ajiye cinikin sai an gwada matsin kowace silinda.

Intakula, wato ɗan lagireton da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga injin, ƙarami ne ƙwarai. Danna totur har ƙasa sau ɗaya ko biyu a giya ta uku yana iya ɗauka. A karo na uku da na huɗu, musamman a rana mai zafi, iskar ta riga ta ɗumama, na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar injin ta ji alama, ƙwaƙwalwar ta ja lokacin tartsatsin fulogi baya, ƙarfi ya zube. Mai motar sai ya ɗauka wani abu ne ya lalace, alhali injin kare kansa yake yi. To idan aka ƙara matsin turbo a kan wannan intakular, zafin ake ninkawa. Babban intakula shi ne abu na farko da ya cancanci kuɗi. Aikin na buƙatar cire bambar gaba da fitilu, kuma inda ake yawan yin kuskure shi ne ɗaurin tiyo: a goge bakin bututun da cikin tiyon tas daga maiƙo kafin a ɗaure, in ba haka ba tiyon zai fice da ƙara a cikin gudu, motar ta koma ba ta da numfashi.

Birkin gaba yana aiki biyu, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Dif ɗin motar, wato ƙarfen da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba, ba mai rage zamewar taya a kwana ba ne. Maimakon haka kwamfuta ce ke ɗan matsa birkin tayar ciki don kada ta yi ta juyawa a banza, kuma ko ka kashe na'urar hana zamewa wannan aikin bai tsayawa. Ke nan faifan birki mai milimita 278 yana shan zafi har lokacin da ƙafarka ke kan totur. A titin gari ba komai. A filin tsere kuwa, bayan 'yan zagaye kaɗan fedar birki za ta fara laushi, saboda man birkin ya tafasa. Maganin mai sauƙi ne: man birki DOT 4 mai jure zafi, a sauya shi duk shekara biyu, duk shekara ga mai shiga filin tsere, da takalman birki masu jure wuta. Wanda ya kai ƙarfin injin sama da doki 230 ya kamata ya yi tunanin sa dif mai rage zamewa irin na kamfanin Quaife, duk da cewa sai an sauke giyabos.

Sai bayan waɗannan ake maganar ƙarin ƙarfi. Mafi natsuwa shi ne na kamfanin Mountune mai suna MP215, akwatin iska da sabon lissafi, ya kai doki 215 da Nm 320, kuma a Ingila Ford bai soke garanti a kansa ba. Ford da kansa ya fitar da ST200 a 2016 da kusan wannan ƙarfin, ya kuma gajarta mata giyar ƙarshe. Wannan ya nuna iyakar da kamfanin ya yarda da ita. Turbon asali ƙarami ne, yana bugawa da wuri amma numfashinsa na ƙarewa a saman juyin injin, don haka matsa masa fiye da kima iska mai zafi kawai yake ƙarawa. Kuloci ne ke fara kuka: idan kana giya ta biyar ko ta shida, ka danne totur ka ga allurar juyin injin ta tashi gudu bai ƙaru ba, ya fara zamewa. Wani hali da ya kamata a bari shi ne danne totur a babbar giya injin na ƙasa da juyi 2,500. Ƙananan injinan turbo masu fesa mai kai tsaye cikin silinda suna iya kama wuta kafin lokaci a wannan yanayin, kuma fistin ne ke biya. Sauke giya ɗaya, ba ta da tsada. Motar da aka taɓa wa lissafi tana son fetur mai oktan sama, da fulogi da aka ɗan matse bakinsa zuwa wajen milimita 0.7.

Kujerar injin ta ƙasa, wadda ke baya, roba ce mai laushi. Ita ke sa tayoyin gaba su yi ta tsalle in an fizgi motar daga tsaye. Mai tauri tana gyara wannan, shigar giya ma ta fi daɗi, amma za ka ji rawar injin a sitiyari idan an tsaya da na'urar sanyi a kunne. Mai matsakaicin tauri ta isa.

Kula ta yau da kullum ba ta da wuya. Baƙin mai 5W-20 ne, kimanin lita 4.1 har da filta, kuma mai tuƙa ta da zafi kada ya wuce kilomita 8,000 zuwa 10,000 bai juye ba. Taimin bel ne da ita, ba sarƙa ba. Littafin ya ba shi har shekara 10, wanda ke nufin duk waɗannan motocin sun kai lokacin ko suna bakinsa, kuma a sauya famfon ruwa tare da shi tun da an riga an buɗe wurin. Saboda nozul na fesa fetur cikin silinda kai tsaye, babu abin da ke wanke bayan balub ɗin shigar iska, sai baƙin dauɗa ya taru. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya kaiwa can, sai an cire bututun iskar an kankare.

Notin taya ma abin dubawa ne. Na asalin suna da siririyar hular ƙarfe a kai, ruwa na shiga ƙarƙashinta ta kumbura, ranar da taya ta fashe a hanya sai sifanar cikin but ta ƙi shiga. Noti 16 ne duka, a sauya su da na ƙarfe ɗaya tun a gareji.