Masu cewa in turo musu waya daga Jamus, ga yadda abun yake a nan

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, yayyena da ƙannena. Tunda na zo Jamus saƙon da ya fi shigo mun kala biyu ne, ko dai a ce dan Allah in taho da waya mai kyau idan zan dawo, ko kuma a ce ai ku kun huta da wahalar netwok da ta banki. Toh na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, musamman ƙannenmu da suke shirin tahowa karatu ko aiki, dan akwai abubuwan da in ba a faɗa maka tun kana gida ba sai ka yi asarar kuɗi kafin ka gane.

Gaskiya ne wuta bata ɗaukewa, wannan kam babu musu, ba ka tunanin caji ba ka tunanin janareta. Amma wahalar nan ba a jikin kayan take ba, a takardar da ka sa wa hannu take. A gida in layi ya dame ka cire shi kawai zaka yi ka sa wani, kati ne ka saya da kuɗinka ya ƙare shikenan babu mai binka bashi. Nan kuwa yawancin intanet ɗin gida da layin waya mai data da yawa kwantiragi ne na wata 24, kuma duk wata su suke zarar kuɗin daga asusunka da kansu. Ko abun yana aiki ko baya aiki kuɗin zai fita. In ka hana a cira sai wasiƙar gargaɗi ta zo da tara a kai, in ka share ta sai su miƙa ka ga kamfanonin karɓar bashi, su kuma su ɗora nasu kuɗin a sama, daga nan sunanka yana iya shiga wajen Schufa, wato kamfanin da yake ajiye tarihin biyan bashin mutane. Kuma masu gidan haya da yawa sai sun ga takardar Schufa kafin su baka ɗaki. Kaga kenan rigimar intanet ta yuro talatin ko arba'in tana iya hana mutum wajen kwana shekara mai zuwa, wallahi wannan shine abun da na fi so ku riƙe.

Ni lokacin da na sa a jona mun intanet a ɗakina, makonni na yi ina jira kafin a turo ma'aikaci, kuma ba a baka awa, ce maka za a yi ka zauna a gida daga safe har yamma. Na ɗauki hutu a wajen aiki na zauna, babu wanda ya buga ƙararrawa, da yamma sai ga saƙo wai an zo ba a same ni ba. Abun ya ƙona mun rai sosai dan ranar aiki ce sukutum ta tafi. Da na kira su sai na'ura ta ɗauka, danna ɗaya danna biyu, duk da Jamusanci mai sauri, sannan a sa maka kiɗa ka yi ta riƙe da waya a kunne, in Allah ya taimake ka mutum ya ɗauka sai ka fara labarin tun daga farko, ya ce zai haɗa ka da wani sashe, layin ya katse, ka sake kira wani daban ya ɗauka wanda bai san komai a kan maganar ba. A shafinsu kuma akwai ɗan akwatin hira da kwamfuta ke amsawa, duk abun da ka rubuta amsa ɗaya ce, ka kashe rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ka sake kunnawa. Shagonsu na cikin gari na je, yaron da ke wajen ya yi mun fara'a amma ya ce su sayarwa kawai suke yi, matsala sai dai a kira wancan layin dai. A gida ko ba komai kana da fuskar da zaka je ka tsaya a gabanta, ka kira shi da sunansa, ko ka nemi wani da ya san wani a ciki. Nan babu wannan sam, lambar ƙorafi kawai ake baka.

Shi kansa intanet ɗin ba kamar yadda muke zato daga gida bane. Gidaje da yawa har yanzu ta tsohuwar wayar tarho ta tagulla yake shigowa, fayiba, wato sabuwar igiyar intanet mai sauri, bata kai ko'ina ba, kuma in ka hau jirgin ƙasa ka fita daga birni akwai wuraren da sabis zai ɗauke ɗif kana tsakiyar magana da Hajiya a WhatsApp. Ofisoshi da asibitocin likitoci da dama har yau suna amfani da fas, wato na'urar tura takarda ta layin tarho, kuma komai muhimmi ta akwatin wasiƙa yake zuwa, shi yasa in babu sunanka a jikin akwatin gidan da kake to ka shiga uku, katin banki da lambar sirrinsa duk komawa zasu yi.

Maganar banki kuwa, a nan ne na ƙara ganin girman abun da muke da shi a gida. Tun 2011 ake tiransifa nan take a Najeriya, ka sa lambar asusu sunan mai shi ya fito ka tabbatar, ka tura, alat ya shiga kafin ka bar gaban mai shago, ko da ƙaramar waya mai madannai ta hanyar lambobin nan na tauraro. Nan tiransifa ta yau da kullum sai washegari take shiga in ranar aiki ce, in ka tura ranar Juma'a da yamma to sai Litinin. Akwai ta nan take amma bankuna da yawa sun daɗe suna cajin kuɗi a kanta, sai a 2025 dokar Tarayyar Turai ta tilasta musu su daina cajin fiye da na tiransifar da aka saba, kuma daga Oktoban 2025 aka wajabta duba sunan mai asusu kafin kuɗi ya tafi, abun da yaron POS a bakin kasuwa ya shekara da shekaru yana yi. Har yanzu ma akwai gidajen burodi da ƙananan shaguna da zasu ce maka kuɗi hannu kawai suke karɓa. Ban manta da namu ciwon ba fa, a zare maka kuɗi wancan bai gani ba ka yi ta zarya banki kana cike fom kana jiran a dawo maka da shi, ko irin abun da aka sha a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da manhajojin banki suka riƙa tsayawa mutane suna kwana a layin ATM. Nan da wuya kuɗinka ya maƙale a hanya. Jinkiri ne dai.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shine doka tana bayan mai saye, in dai ya san ta kuma ya ajiye takardunsa. Yawancin abun da ka saya ta intanet ko aka zo har ƙofar gida aka sa ka sa hannu, kana da kwana 14 ka fasa ba tare da ka faɗi dalili ba. Sabon kaya kuma mai sayarwa yana da alhakin shekara 2 in ya zamana da aibu ya zo, kuma a shekarar farko shi ne zai kawo hujjar cewa lafiya lau ya baka, ba kai ba. Tun Disambar 2021 in wata 24 ɗinka na waya ko intanet ya cika ba zasu ƙara ɗaure ka shekara guda ba, da sanarwar wata ɗaya zaka fita, sannan tun Yulin 2022 duk kamfanin da ake ƙulla kwantiragi a shafinsa dole ya sa maɓallin sokewa a fili. In gudun intanet ɗinka bai kai abun da aka yi alkawari ba akwai manhajar gwaji ta hukumar sadarwarsu, Bundesnetzagentur, da ita zaka kafa hujja ka nemi ragin kuɗi, sai dai gwajin sau da yawa ake yinsa a ranaku daban daban, mai aikin shif da wuya ya samu sukunin kammalawa. Akwai kuma ofisoshin kare masu saye da ake kira Verbraucherzentrale a kowace jiha, da kuɗi kaɗan zasu duba maka takarda su faɗa maka abun yi. Mu ma muna da hukumar kare masu saye ta FCCPC da hukumar sadarwa ta NCC a gida, har da layin ƙorafi na 622, amma tsakani da Allah mutum nawa ne a cikinmu suke karɓar rasit in sun sayi waya, balle su ajiye shi shekara biyu? Wannan ɗabi'ar ce nake ganin ya kamata mu ɗauka, ta fi wayar kanta amfani.

Gyara kuma mu muka fi su, kuma ina faɗa da alfahari. Yaran Farm Centre a Kano ko na Computer Village a Ikeja zasu buɗe waya a gabanka su canza bakin caji ko su ɗaga ƙaramin abu a kan fanel su mayar, kana zaune kana kallo, kafin la'asar ka tafi da abarka. Nan kuɗin aikin mai gyara yana da tsada, mafi ƙarancin albashi ma a 2025 yuro 12.82 ne a awa, balle mai sana'a, dan haka in sikirin ɗin waya mai matsakaicin kuɗi ya fashe sau da yawa kuɗin gyaran yana kusan kamo na sabuwa, sai kawai a jefa ta a durowa. In garanti ne kuma aika ta zaka yi ta gidan waya ka zauna makonni babu waya, bayan duk rayuwarka a cikinta take, tikitin jirgi, shiga banki, lambar da ake turowa kafin ka buɗe imel. Raina yana ɓaci in na ga kaya masu rai a wajen zubar da kayan lantarki waɗanda na san da a gida ne da sun ƙara shekara biyar suna aiki. Yanzu ma da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, kwamfutoci da yawa masu lafiya basu cika sharaɗin Windows 11 ba, kuma na tabbata irinsu ne zasu cika kwantena su nufo kasuwanninmu a matsayin gwanjo. Duk mai sayen laftof na hannu ya tambaya tukuna ko tana ɗaukar Windows 11.

Sai abun da yake cin kuɗi a ɓoye, wato biyan wata wata. Firinta sai ta ce ka buɗe asusu ka yi rajistar tawada, manhajar rubutu wata wata, wajen ajiye hotuna wata wata, kowanne ya ce wata na farko kyauta amma sai ka sa lambar kati. Hatta tikitin nan na Deutschlandticket da ake hawa bas da ƙananan jiragen ƙasa da shi a duk faɗin ƙasar, wanda ya fara da yuro 49 a Mayun 2023 ya koma 58 a 2025, abu ne mai kyau ƙwarai amma rajista ce mai sabunta kanta, in baka soke kafin ranar 10 ga wata ba to na wata mai zuwa ma ya hau kanka. Ga kalmar sirri kala kala, ga kowane shafi ka buɗe sai ya tare ka da tambayar ko ka yarda a bi sawunka. Mu da muke matasa ma muna jin jiki, ina ga tsofaffi. Akwai wata dattijuwa a benenmu, sa'ar kakata ce, reshen bankin unguwar aka rufe aka ce kowa ya koma manhaja, hannunta yana rawa, lambar da aka turo tana ƙarewa kafin ta gama dannawa. Nakan zauna in taya ta, kuma duk sanda na fito daga wajenta sai in tuna tsofaffinmu da aka rufe wa layi saboda haɗa NIN suka yi ta tsayuwa a rana, abun duk ɗaya ne, wanda ya zana tsarin bai yi tunanin mai shekara saba'in ba.

Toh yanzu maganar a taho da waya. Dan Allah ku yi haƙuri, wayar nan bata fi ta gida arha ba, akwai harajin kashi 19 cikin ɗari a kan farashinta, ga canjin yuro zuwa naira. Wadda kuke gani an rubuta yuro 1 a talla ba kyauta bace, kwantiragin wata 24 ɗin nan ne aka cusa kuɗinta a ciki, in na ɗauko maka ita ni zan yi shekara biyu ina biya. Tecno da Infinix da itel da kuka saba da su masu batir mai jimiri da wuya ka gansu a shago a nan, kuma garantin wayar da aka saya a Jamus in ta lalace a Kano wa zai dawo da ita? Yawancin sababbi ma babu kan caja a kwalin, igiya ce kawai, ko da yake tun ƙarshen 2024 doka ta sa duk sabuwar waya a Tarayyar Turai bakin cajinta USB-C ne, wannan kam ya rage wahala. Masu sayen iPhone na hannu a kasuwa kuma ku lura da biyu, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga iPhone 14 zuwa sama babu gidan sim a jikinsu sai eSIM, wato layin da ake saukewa cikin wayar ba tare da kati ba, sannan kar ka biya ko sisi sai mai ita ya cire asusunsa na iCloud a gabanka an goge ta an kunna ka shiga da naka.

Ƙannena masu tahowa, ku fara da layin kati na biya kafin amfani, ana samu a manyan kantuna, da fasfo ake rajistarsa ta bidiyo ko a gidan waya, babu ɗauri a ciki. Duk wanda ya ƙwanƙwasa muku ƙofa da takarda yana cewa intanet mai arha ko wutar lantarki mai rangwame, ku ce ya bar takardar zaku duba, kar ku sa hannu a tsaye kuma kar ku bashi lambar asusu ko lambar mita. Ku sayi fayil tun satin farko ku riƙa zuba kowace wasiƙa da rasit a ciki, in kuma zaku soke wani abu ku yi a rubuce ku ajiye shaidar ranar da kuka tura. Layin gida kuma ku bar shi a raye a cikin waya, kuna sa masa kati lokaci lokaci, dan lambar sirrin da bankinku na gida yake turowa ta wannan layin take shigowa kuma in aka daɗe ba a amfani da layi sake sayar da shi ake yi wa wani. Wanda takardar Jamusanci ta rikita shi ya ɗauki hotonta ya rufe sunansa da lambobinsa ya turo mun, in na tashi daga aiki zan duba in sha Allahu. A gaida su Baba da Hajiya da duk mutanen gida.