Judo ko jiu-jitsu na Brazil: wanne ya cancanci kuɗinka a Damagaram?

Mutumin da ya saba zama a filin kokawa na Langa-Langa, yana kallon yadda ake ɗaga ƙato a kai shi ƙasa cikin ƙiftawar ido, ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane abin da ake nema a judo. Sai dai matasanmu na yanzu a wayar salula suke fara ganin waɗannan wasanni, kuma sunan da ya fi cika musu kunne shi ne jiu-jitsu na Brazil, saboda haka iyaye da yawa suna rasa inda za su kai yaro idan ya matsa a biya masa kuɗin horo. Ra'ayina a fili yake: a garinmu, ga yaro ko babban da bai taɓa hawa tabarmar horo ba, judo ce ta fi dacewa, kuma malamin da za a miƙa wa yaron ya fi sunan wasan muhimmanci.

Tushen wasannin biyu ɗaya ne. Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, inda ya tace dabarun faɗan gargajiya na Japan ya mayar da su abin da za a iya koyarwa a aji ba tare da an nakasa juna ba. Wani ɗalibin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya isa Brazil a 1914, ya koyar da Carlos Gracie a birnin Belem, daga nan zuriyar Gracie suka karkatar da ƙarfinsu zuwa gumurzun da ake yi bayan an faɗi ƙasa. Duniya ta san su sosai a 1993, lokacin da Royce Gracie ya lashe gasar UFC ta farko a Amurka, gasar da ke haɗa masu salon faɗa daban-daban, ta hanyar tilasta wa ƴan wasan da suka fi shi jiki su miƙa wuya.

Dalilina na farko na fifita judo shi ne darasin da take farawa da shi, wato ukemi, koyon faɗuwa. Makonnin farko a ajin kirki suna ƙarewa ne ana koya wa ɗalibi ya manna haɓa da ƙirji, ya bugi tabarma da hannu, ya mirgina ta kafaɗa, ta baya da ta gefe da ta gaba, har jikinsa ya riƙa yin haka ba tare da ya yi tunani ba. Wasu yara suna ƙosawa da wannan mataki, amma a garin da kowa ke hawa babur ko kabu-kabu kullum, iya faɗuwa ba tare da an kafa tafin hannu ko an bugi ƙeya ba ya fi kowace dabarar kayar da mutum amfani. Bayan haka ne ake shiga uchikomi, maimaita shigar dabara ba tare da kayarwa ba, sannan randori, inda mutum biyu suke gwada juna da gaske amma cikin ƙa'ida. A gasa, minti 4 ake bai wa manya, kuma ana samun cikakkiyar nasara, ippon, idan aka kayar da abokin karawa a kan gadon bayansa da ƙarfi da sauri, ko aka danne shi daƙiƙa 20, ko ya sallama saboda shaƙa ko murɗar gwiwar hannu. Wannan ya nuna judo ma tana da aikin ƙasa, kodayake alƙali ba ya barin a daɗe a can. Ɗan kokawar gargajiya da ya shigo zai sami abu guda da zai takura shi, domin dokokin da aka kawo tun daga 2010 sun taƙaita kama ƙafa da hannu ƙwarai, amma sanin inda nauyin mutum ya karkata, wanda ya koya a kan rairayi, zai sa ya riga tsaransa nisa.

Dalili na biyu shi ne judo tana da gida a ƙasarmu. Ta shiga wasannin Olamfik a Tokyo a 1964, mata suka fara karɓar lambobinta a Barcelona a 1992, tana cikin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ta karɓi baƙuncinsu a 2005, kuma Nijar ta tura ƴan judo Olamfik, kamar Ismael Alhassane da ya je wasannin Tokyo da aka yi a 2021. Akwai hukumar ƙasa da ke ba da lasisi, kuma a tsarin da ƙasashen renon Faransa suke bi ɗalibi yana hawa daga farar ɗamara zuwa rawaya, ruwan lemo, koriya, shuɗiya, ruwan ƙasa, sannan baƙa, wadda kwamitin jarrabawa ke bayarwa. Ma'anar wannan ga uba ita ce akwai inda zai je ya tambaya ko malamin ɗansa sananne ne.

Jiu-jitsu na Brazil wasa ne mai zurfi, kuma ba na raina shi. Ya fi sauƙi ga wanda ya haura shekara arba'in ko mai ciwon baya, tunda ba a yawan buga mutum da ƙasa, kuma yana koya wa ƙaramin mutum yadda zai kuɓuta idan babba ya danne shi. Ana ƙirga maki ne bisa matsayi: 2 ga kayarwa, 3 ga tsallake ƙafafun abokin karawa da ke kwance yana kare kansa da su, 4 ga hawa ruwan cikinsa ko kama bayansa. Matsalarsa a nan ita ce ƙarancin malamai na gaskiya, kuma ba ya cikin Olamfik. Wuraren da suke haɗa dambe da shuri da shaƙa a rana ɗaya suna kiran abin MMA kuwa, kada a kai yaro can.

Inda na fi so mai karatu ya buɗe ido shi ne malaman bogi, domin baƙar ɗamara ƙyalle ce da kowa zai iya saya ko ya sa tela ya ɗinka masa. A jiu-jitsu na Brazil ɗamarun manya biyar ne, fara, shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa da baƙa, ba a ba da shuɗiya kafin shekara 16, kuma kaiwa ga baƙa yakan ci kimanin shekara goma na horo ba yankewa. Saurayi ɗan shekara ashirin da ya yi ƴan watanni a wata ƙasa ya dawo da baƙar ɗamara, ya kamata a yi masa tambayoyi. Tunda a wannan wasa malami ne ke ɗaura wa ɗalibinsa ɗamara, mai gaskiya yana faɗin wanda ya ɗaura masa da shekarar da aka yi, kamar yadda almajirin ilimi ba ya jin nauyin ambaton malamin da ya yi karatu a gabansa. Wanda ya fusata don an tambaye shi, ko ya ce takardunsa sun ɓata, a bar masa wurinsa. Mai shuɗiyar ɗamara da ya ce shi shuɗiya gare shi, kuma yana koyar da abin da ya sani kawai, ya fi mini wancan sau dubu.

Wannan magana ba daga jin labari nake yin ta ba. An kai ɗan ƙanena wani wuri da aka shimfiɗa katifun soso na kwanciya a kan siminti aka lulluɓe da tamfol, malamin ya karɓi kuɗin wata uku gaba ɗaya, ya sa yara suna kayar da juna tun makon farko ba tare da ya koya musu faɗuwa ba, yaron ya karye a ƙashin kafaɗa, kuma kafin ya warke an kulle wurin. Tun daga lokacin, abin da nake fara dubawa shi ne ƙasa. Tatami na gaske, wato tabarmar judo, faɗinsa mita 1 ne, tsawonsa mita 2, kaurinsa santimita 4 ko 5, yana da tauri a ƙarƙashin ƙafa amma yana shanye bugu. Soson kwanciya yana nutsewa, yana kama yatsun ƙafa, kuma wanda aka buga a kansa simintin yake ji. A taka da ƙafa a gwada, a duba ko akwai rami tsakanin tabarmi, a duba nisan bango da ginshiƙi.

Kafin a biya ko dala, a nemi izinin zama a kalli aji guda daga farko har ƙarshe. A lura ko malami yana haɗa yara gwargwadon nauyinsu, ko ana sakin mutum nan take idan ya bubbuga hannu alamar sallamawa, ko ana barin ƙananan yara suna shaƙe juna, abin da ƙa'idar judo ta yara ta hana. Malamin da ke shaƙe ɗalibi har ya suma don ya burge ƴan kallo mugu ne, kowace irin ɗamara ya ɗaura. A duba tsabta kuma, domin makero yana yaɗuwa da sauri a tabarmar da ba a gogewa, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, lokacin da ajin da ya san abin da yake yi ke komawa bayan la'asar, ya ajiye ruwan sha, ya tashi kafin magariba. Mai kai ƴa mace ya tambaya tun farko ko akwai ajin mata ko mace mai taimaka wa malami. Batun sunkuyawar gaisuwa ma, wanda ke damun wasu iyaye, gara a tattauna shi da malami ranar farko.

Saura kimono, wato rigar horo. A kasuwa ana yawan sayar wa iyaye rigar karate a matsayin ta judo, alhali siririya ce da ke yagewa da zarar an ja ƙwala. Ta judo saƙarta mai kauri ce mai ƙurji-ƙurji a ƙirji da kafaɗa, ƙwalarta tana cika hannu, hannuwanta masu faɗi ne, kuma ana iya shiga ajin jiu-jitsu da ita, amma ta jiu-jitsu mai matsattsun hannuwa ba ta cika ƙa'idar gasar judo. Auduga tana ja da baya a wanki, saboda haka a sayi wadda ta ɗan fi yaro, a wanke da ruwan sanyi bayan kowane horo. Kuɗin aji kuwa a riƙa biyansa wata-wata ana karɓar rasiɗi, kuma kada a sayi kimono sai yaro ya yi mako biyu yana zuwa da tsohuwar riga mai kauri, an tabbata zai ci gaba.