Wasiƙa zuwa ga Kawu daga Houston, kan mariƙin libarba

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaishe ku da aiki, ina gaida Inna da duk mutanen gida.

Kun tambaye ni yadda masu gyaran bindiga na nan suke aiki. To, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a Amurka kaya araha ne, hannu shi ne da tsada. Mariƙin roba sabo na libarba, wato ƙaramar bindigar hannu, bai wuce dala 30 ko kusa da haka ba, kuma ba ya buƙatar wata takarda, ta intanet ma ake saye a kawo har ƙofar gida. Amma mai gyara ya zauna awa ɗaya a kansa, kuɗin aikinsa ya fi kuɗin robar nesa ba kusa ba.

Libarbar da nake riƙewa a aikin gadi, da lasisin jihar Texas, mariƙinta ne ya kafe. Garin nan akwai zafi da laima, gumin hannu yana ratsawa ƙarƙashin robar ya kwanta a kan ƙarfe, tsatsa ta ci ba tare da ido ya gani ba. Shi ya sa ake so a riƙa cirewa ana shafa mai.

Mai gyaran da na kai wa bai taɓa komai ba sai da ya buɗe gidan harsashi ya leƙa kowane rami, duk da na ce masa babu komai a ciki. Sannan ya duba irin ɗaurin. Kowane kamfani da nasa: na Pachmayr yawanci sukuru ne a gefe, Monogrip na kamfanin Hogue kuwa sukuru ɗaya ne a gindi wanda yake kama wani ɗan ƙarfe da aka rataya a jikin bindigar, idan an kwance shi sai a zare robar ta ƙasa. Akwai ma marasa sukuru, da ɗan abin ɓamɓarewa suke zuwa. Wanda bai san wannan ba zai yi ta kokawa da gefe alhali ƙullin yana ƙasa.

Kawu, da kun ga sukundirebobinsa! Akwati guda, kowanne bakinsa an wasa shi daidai da tsagar sukurun da zai shiga, ya cika ta ƙyam, don kada ya zame ya cinye kan sukuru ko ya karce baƙin fentin ƙarfen. Ya ɗiga mai ya bar shi ya ratsa kafin ya murɗa. Robar kuma ya ɗumama ta da na'urar busar da gashi har ta yi laushi, ya zura siririn filastik ta gefe, ya ɗiga sifirit, ya yi ta girgiza ta a hankali har ta saki. Ƙarfe bai shiga tsakani ba, domin sifirin ɗin da yake tura 'yar gudumar da take dukan harsashi yana nan cikin mariƙin.

Haƙurin nan na san shi tun ina yaro ina ja muku zugazugi, kuna fitar da ƙotar bindigar tokar mafarauta daga icce ba tare da ma'auni ba. A wajen hannu ban ga ya fi ku ba. Kayan aiki ya fi ku, kuma sana'arsa tana da gata. Yana da lasisin gwamnatin tarayya ƙarƙashin dokar bindiga ta 1968, duk bindigar da za ta kwana a shagonsa sai ya rubuta lambarta da sunan mai ita a littafi. Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne da robar ta fita da tsaga, ko kallon gyara bai yi mata ba, kwandon shara ta tafi. Ku da kun liƙe ta ta ƙara shekaru.

Sani ya ce in aiko masa da mariƙi. Ku gaya masa ba zan aiko ba. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959 libarba tana cikin haramtattun bindigogi, ba kamar ta toka ba da kwamishinan 'yan sanda yake ba wa lasisi, kuma da halin da Arewa take ciki ba na son sunan gidanmu ya shiga irin wannan magana. Akwatin sukundireba dai na saya muku, zan ba wa mai tahowa bayan sallah.