Tutar da ta zagaya wata ko hoton da Armstrong ya sa wa hannu: wanne za a taya?

Alhaji, barka da ƙoƙari. Ka ce a wani gwanjo da za a yi a Amurka ka ga kaya biyu da kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Ɗaya ƙaramar tutar siliki ce wadda ba ta wuce tafin hannu da yawa ba, an ce ta zagaya wata a cikin kumbon Apollo 15 a 1971, kuma akwai wasiƙar Al Worden, ɗaya daga cikin 'yan sama jannatin tafiyar, tare da ita. Ɗayan hoton Neil Armstrong ne, mutum na farko da ya taka wata, sanye da fararen kayan 'yan sama jannati, da sa hannunsa a jiki. Kana son sanin wanne ya fi, da yadda ake gane kuɗin da ya dace a biya. Ni dai tutar zan ce maka, muddin wasiƙar ta tabbata. Ga dalilina.

Hoton ne ya fi jan ido, na sani. Duk wanda ya shigo falonka a Agege ya san sunan Armstrong, ba sai ka yi masa dogon bayani ba. Kuma sa hannun nasa yana da daraja ta gaske, domin tun 1994 ya daina sa wa mutane hannu bayan ya gane ana kasuwanci da abin, ya kuma rasu a watan Agustan 2012. Ba za a ƙara samun sabo ba. Sai dai kafin ya daina ya shafe shekaru sama da ashirin yana amsa wasiƙun jama'a, saboda haka hotunan suna da yawa a hannun mutane. Kusan duk babban gwanjon kayan sararin samaniya sai ka ga ɗaya ko biyu. In wannan ya wuce ka, wani yana tafe.

Babbar matsalarsa ita ce jabu, kuma iri biyu ne. Akwai na maƙaryata da ke kwaikwayon hannunsa, don yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a wannan fagen. Akwai kuma wanda hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, da kanta ta riƙa aika wa mutane, wanda na'ura ce ta rubuta, ana kiranta otofen. Alƙalami ne na gaske da tawada ta gaske, amma inji ke jan sa bisa wani zane da aka ajiye. Wanda ya karɓi irin wannan hoton a 1970 bai yi ƙarya ba in ya ce daga NASA ya zo masa, amma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In ka faɗaɗa hoton a waya, duba kaurin layin. Hannun mutum yana dannawa a wani wuri ya sassauta a wani, layin ya sirance a ƙarshen harafi. Na inji kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, sau da yawa da ɗigon tawada a inda alƙalamin ya sauka da inda ya tashi, wani lokaci da 'yar rawa a lanƙwasa. Masu tara waɗannan kaya sun daɗe da tattara zanukan injin, har ana iya ɗora ɗaya kan ɗaya su dace tsaf. Duk da haka kada ka dogara da idonka kaɗai. Nemi takardar wani masanin da aka sani da wannan aiki, irin Steve Zarelli, wanda gidajen gwanjo ke kai wa sa hannun 'yan sama jannati. Sannan ka duba ko an rubuta sunan wani a hoton. Wanda aka rubuta wa suna ya fi araha, amma ya fi sauƙin tantancewa tunda rubutun ya fi yawa. Ni wannan nake fifita wa mai farawa.

Tutar kuwa ba a jikinta darajarta take ba. Ƙyalle ne da za a iya ɗinka irinsa a kasuwar Balogun. Abin da ake saye shi ne inda ta je, kuma nan akwai matakai da kasuwar ke bi sosai. Mafi tsada shi ne abin da ɗan sama jannati ya fita da shi ya taka ƙasar wata. Sai wanda ya sauka a cikin ƙaramin kumbo amma bai fito ba. Sai wanda ya tsaya a babban kumbo yana zagaya wata. Sai wanda duniyarmu kawai ya kewaya. Can ƙasa kuma kayan horo da ba su tashi ba. Agogon Bulova da Dave Scott ya ɗaura a kan wata, a wannan tafiya ta Apollo 15 ɗin, ya kai dala miliyan 1.6 a gidan RR Auction a 2015. Worden kuwa shi ne matuƙin babban kumbo, bai sauka ba, yana sama yana zagayawa yayin da Scott da Jim Irwin suke ƙasa. Ke nan tutarka a mataki na uku take. Kada wani ya sayar maka da ita da kuɗin mataki na ɗaya don kawai an rubuta "ta je wata". Karanta bayanin kayan kalma bayan kalma.

Yawa ma yana karya farashi. A 1983 kumbon Challenger ya ɗauki ambulan na gidan waya sama da 260,000 ya kewaya duniya da su, aka sayar wa jama'a. Sun tashi da gaske, amma har yau ba su da tsada. Tutocin Apollo ba su kai ko kusa da haka ba, domin kowane ɗan sama jannati ƙaramar jaka aka ba shi ta kayan kansa, an kuma ƙayyade nauyinta. Wannan ne ya sa na fi son tutar: mutum 24 ne kacal suka taɓa zuwa wata a zamanin Apollo, tsakanin 1968 da 1972, kuma abin da suka ɗauko a jakunkunansu shi ke nan.

Yanzu maganar takarda, wadda ita ce gaba ɗaya lamarin. Kai da ka sayi fili a Legas ka sani: ba ƙasar ake dubawa da farko ba, ana bin takardun ne daga mai sayarwa zuwa wanda ya sayar masa, har a kai ga asalin mai wurin, in an sami giɓi ɗaya sai a janye. Haka za ka bi tutar nan. Wasiƙar da hannu Worden ya sa mata, ko hoton wasiƙa ce? Ta ambaci wannan tutar takamaimai, ko magana ce ta gaba ɗaya da za a iya liƙa wa kowace tuta? Ya rubuta a jikin ƙyallen kansa? Da yawansu sukan yi haka, kuma ya fi ƙarfi don ba a iya raba rubutun da kayan. Daga hannunsa wa ta koma, an taɓa sayar da ita a gwanjo a baya, a wane gida? Worden ya rasu a 2020, babu damar a koma a tambaye shi. Kuma lura, ita ma wasiƙar sa hannu ce, tana bukatar tantancewa kamar hoton. Takardar da dillali ya buga da kansa ya sa mata hatimi mai ƙyalli ba ta ƙara komai.

Akwai labarin da ke nuna nauyin wannan fiye da duk bayanina. A 2015 wata lauya daga jihar Illinois ta sayi wata farar jaka a gwanjon gwamnatin Amurka kan dala 995. Ta aika wa NASA a duba mata, aka gano jakar da Armstrong ya yi amfani da ita ce wajen ɗauko samfurin farko na ƙasar wata a Apollo 11, da ƙurar wata a cikinta. NASA ta ƙi mayarwa, aka je kotu, matar ta yi nasara. A watan Yulin 2017 gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da jakar kan dala miliyan 1.8. Jakar ba ta canza ba tsakanin shekarun biyu, asalinta ne aka tabbatar.

Ta fuskar doka tutar ba ta da matsala. A 2011 an yi gwanjon littafin lissafin da ɗan sama jannati Jim Lovell ya yi aiki da shi a Apollo 13, ya kai dala 388,000 da 'yan kai a gidan Heritage, sai NASA ta tayar da maganar wa ke da shi. Rigimar ce ta sa Obama ya sa hannu kan doka a watan Satumban 2012, wadda ta mallaka wa 'yan sama jannatin shirye-shiryen Mercury da Gemini da Apollo kayan da suka riƙe. Amma dokar ta cire duwatsun wata. Na kawo wannan ne don na san da zarar an ji kana sayen irin waɗannan kaya, wani zai zo maka da dutse a ƙunshe. Kilo 382 da Apollo ta kawo na gwamnatin Amurka ne, ba a sayar da su. Ko gidan tarihin Rijksmuseum na Amsterdam ya ajiye wani dutse shekara da shekaru da sunan na wata, sai a 2009 aka gano itace ne da ya zama dutse. Abin da ake iya saya bisa ƙa'ida shi ne duwatsun da suka faɗo da kansu, waɗanda ake yawan tsinta a Sahara, su ma sai masu ɗakin bincike sun tantance an yi musu rajista. Mu ma muna da namu a tarihi: dutsen Zagami da ya faɗo a ƙasar Katsina a watan Oktoban 1962, mai kusan kilo 18, daga duniyar Mars ya fito.

Wajen ƙiyasta kuɗi, kada ka tsaya kan adadin da gidan gwanjo ya rubuta a gefen kayan, don sau da yawa ana sauke shi ne a jawo masu tayi. RR Auction da Heritage suna barin sakamakon gwanjonsu na baya a shafukansu. Nemo tutocin Apollo 15 da aka sayar a 'yan shekarun nan, masu irin wannan wasiƙa, ka ga inda suka tsaya, ka yi haka ma ga hoton. Kada ka auna da farashin Yulin 2019, lokacin cikar Apollo 11 shekara 50, kasuwa ta yi zafi a lokacin. Kada kuma labarin rigar Buzz Aldrin, abokin tafiyar Armstrong, da ta kai kusan dala miliyan 2.8 a 2022 ya sa ka zaci ƙananan kaya ma haka suke hawa. Ba haka suke ba.

Sannan abin da ka taya ba shi za ka biya ba. Akwai la'adar gidan gwanjo a kan mai saye, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Dutsen Mars da aka tsinta a yankin Agadez, wanda Sotheby's ta sayar a Yulin 2025 har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita ƙasar, an buga guduma a dala miliyan 4.3, amma mai saye ya biya kusan 5.3. Ƙara kuɗin aikowa da inshora da na banki da abin da kwastam za su karɓa a nan. Da dala za ka biya daga asusunka na dala, cikin 'yan kwanakin da suka ƙayyade, saboda haka tanadi kuɗin kafin ka taya, kada canji ya motsa ya same ka a tsakiya. Ranar da za ka sayar kuma babu kasuwarsa a Legas. Sai ka mayar da shi gidajen gwanjon Boston ko Dallas, su sake cire tasu la'adar. Shi ya sa ba na son ka ɗauki wannan a matsayin ajiyar jari. Saya da kuɗin da ba za ka nema ba nan kusa, don kana ƙaunar abin.

Ajiya ma ta bambanta su. Danshin Legas ba ya raga wa takarda: hoto yana lanƙwashewa, ya yi fumfuna, ya manne da gilashi, tawadar kuma rana tana cinye ta, kuma in sa hannun ya dushe kuɗin ya tafi. Silikin ma yana jin danshi da haske, amma ya fi sauƙin ɓoyewa. Sa shi a leda marar asid, cikin akwati mai rufuwa da ƙunshin garin nan mai tsotse laima, wasiƙar kuma ka ɗauki hotonta ka adana daban.

In kuma ka ga kuɗin duka biyun ya yi maka yawa a karon farko, akwai abin da ya fi kusa da mu. Kano tana cikin tashoshin da suka bibiyi kumbunan Mercury, kuma ta jirgin ruwan Kingsport da ke tashar Legas ne Kennedy ya yi magana da Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2 a watan Agustan 1963. A shekarar Najeriya ta buga kan sarki masu hoton tashar Kano da na jirgin. Ba su da tsada, kuma da su za ka koyi yadda tayi da biya da aikowa suke tafiya.

Kafin ranar gwanjon, rubuta wa gidan su aiko maka hoton wasiƙar gaba da baya, da hoton rubutun jikin tutar daga kusa, da jerin hannayen da ta bi. In sun aiko, turo mu duba tare. In sun yi ta kwana-kwana, bar musu tutar ka koma kan hoton, shi ma sai da takardar masani. Rubuta iyakar kuɗinka a takarda da la'ada da komai a ciki, in tayi ya wuce nan ka ɗauke hannu.