Gargaɗi ga masu wurin ninkaya a Sakkwato: ku yi hattara da mai cewa "bod ya ƙone"

Assalamu alaikum jama'a. Ni ke kula da wani ɗan masaukin baƙi na kawuna a nan cikin Sakkwato, kuma muna da wurin ninkaya a bayan gini, mai akwatin sarrafawa da ke kunna famfo da hita da kansa. Na san ba kowa ke da irin wannan ba, amma otal-otal da gidajen da ke da shi a garin nan sun isa a ja musu kunne, domin wanda ya cuce mu yana nan yana yawo.

Cikin hunturun da ya wuce ne abin ya fara. Sai famfo ya riƙa tashi da kansa cikin dare, ba a lokacin da muka tsara masa ba, ya yi ta aiki har asuba. Kafin gari ya waye ya zuƙe batiran inbata, baƙi su tashi ba wuta. Mai gadi ne ya fara lura. Da na duba fuskar akwatin, sai na ga ta rubuta wai sanyin iska digiri 1 ne. A Sakkwato! Hunturunmu na da sanyi, amma ba mu taɓa wayar gari ruwa ya daskare a randa ba.

Wani ya turo mini lambar wani mutum da ya ce injiniya ne daga Abuja. Ya zo da riga mai tambari, da jakar kwamfuta a kafaɗa, yana ta jefa Turanci cikin magana. Ya buɗe akwatin, ya sa hanci ya shinshina, ya girgiza kai. Ya dubi kawu ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, bod ya ƙone. Wutarku ce ta buge shi. Sai dai in kai shi Kano." Bod shi ne allon lantarkin da ke cikin akwatin, wanda ke sarrafa komai. Bai sa mitar gwajin lantarki a kan waya ko ɗaya ba. Kawu mutum ne mai yarda da mutane, ya ce, "To Malam, yi abin da ya dace." Muka tura masa naira dubu 380 a asusun da ba sunansa a kai, ya ce na ƙaninsa ne. Ba rasit. Ya kwance bod ya tafi da shi kwana tara.

Da ya dawo ya mayar, famfo ya daina tashi da dare, muka yi masa godiya har da kuɗin mota. Sai dai wata safiya bayan sallar asuba, ina sanye da rigar sanyi, ƙurar hunturu ta rufe gari, na ga akwatin ya rubuta digiri 31. Na kira shi, ya ce ai zafin ɗakin inji ne. Na sake kira bayan kwana biyu, layi a kashe.

Wanda ya warware mana ƙullin wani dattijo ne mai gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya zo wani aiki daban. Na nuna masa, ya ce, "Yaro, kashe wuta ka ba ni mitata." Abin da ya koya mini a tsaye cikin minti goma shi ne dalilin wannan rubutu.

Waɗannan akwatuna, na kamfanin Pentair ne ko Hayward ko Jandy, ba su san zafi ko sanyi da kansu ba. Wani ɗan abu suke tambaya, wanda masu gyara ke kira sensa, mai waya biyu kacal. Yawanci guda biyu ne. Ɗaya na jikin bututu, yawanci tsakanin famfo da filta, an huda bututun an ɗaure ta da madauri da zoben roba, ita ke jin zafin ruwa. Ɗaya na rataye a inuwa tana jin iska. Masu dumama ruwa da rana suna da ta uku a kan rufi. Aikin sensa shi ne tauye wutar da ke bi ta cikinta, kuma ana auna wannan tauyewa da om. Irin ta waɗannan akwatuna om 10,000 take bayarwa idan zafi ya kai digiri 25 a ma'aunin Selshiyas. Zafi na ƙaruwa, lambar na sauka: kusan 8,000 a digiri 30, kusan 5,300 a digiri 40. Sanyi na ƙaruwa, lambar na hawa, har ta haura 32,000 a inda ruwa ke daskarewa.

To a nan matsalarmu take. An ƙera akwatin ne domin ƙasashe irin Amurka, inda ƙanƙara ke fasa bututu. Idan ya ji iska ta kusa daskarar da ruwa, sai ya kunna famfo don ruwan ya yi ta gudu. Tsohuwar sensarmu ta iska rana ta gasa wayarta shekara da shekaru har roba ta tsage, tsatsa ta shiga mahaɗin. Tsatsa na ƙara lambar om, akwatin kuwa ya ɗauka sanyi ne ya tsananta. Aikinsa yake yi daidai, ƙarya ake gaya masa.

Dattijon ya zare wayoyi biyun sensar iska daga akwatin, ya sa mita a kan 20k, wato inda take auna har om 20,000, ya ɗora. A lokacin rana ta ɗan ɗaga, zafi bai wuce digiri 25 ba, amma mita ta nuna wajen 5,000. Ya ware tef ɗin da aka naɗe kan sensar, ya juya ta a tafin hannunsa ya ce, "Wannan ai tamu ce, ta na'urar sanyaya ɗaki ce." Mai om 5,000 ce, rabin abin da akwatin ke nema, don haka kullum zai riƙa ganin zafi fiye da gaskiya, kuma ba zai sake kunna famfo da dare ba. Shi ke nan "gyaran" da muka biya. Bod ɗin kuwa namu ne, ƙura kawai aka goge. Na gane shi da wani ɗigon fenti da ya zuba a gefensa tun lokacin da aka yi wa ɗakin fenti.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fuskar kawu da na gaya masa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Allah ya isa," ya yi shiru.

Don Allah duk wanda akwatinsa ya fara nuna lambar da hankali ba zai ɗauka ba, ko ya rubuta kuskuren sensa, ko hita ta ƙi tashi, kada ya bari a taɓa bod sai an gwada sensa a gabansa. A kashe wuta, a cire wayoyin, a auna, a kwatanta da ma'aunin zafi na hannu. Idan mita ba ta nuna komai ba, waya ta katse, kuma ɓera ma kan yi wannan ɓarna. Idan ta nuna kusan sifili, wayoyin sun haɗe. Akwai gwajin da ya fi wannan sauƙi: a musanya wayoyin sensar iska da na ruwa a jikin akwatin, tun da iri ɗaya ne. In lambar banzar ta bi sensar zuwa sabon wurinta, laifin sensa ne. In ta tsaya inda take, to a fara zargin bod. Masu gyaran rediyo ma suna da ɗan resista, wato ɗan abin da ke tauye wuta daidai gwargwado, mai om 10,000. A ɗaura shi a madadin sensa, lafiyayyen akwati zai rubuta 25, ko 77 idan a ma'aunin Amurkawa yake.

Ku lura kuma da mai shiga cikin saitin akwatin ya gyara lamba da hannu har ta yi daidai da yanayin lokacin. Wannan wurin don ɗan gyaran digiri ɗaya ko biyu aka yi shi, ba don rufe asirin matacciyar sensa ba. In kuwa dole ne bod ya bar gidanku, ku ɗauki hoton lambar da ke jikinsa, ku karɓi rasit, kuma kada ku tura kuɗi a asusun da sunan ba na mai aikin ba ne.

Mun yi odar sensa ta gaskiya, dattijon ya ɗaura ta a inuwa, ya sa wayar cikin bututun roba saboda rana. Tun daga ranar akwatin da ma'aunin hannuna bakinsu ɗaya. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da shaidar tura kuɗin, ita kuma sensar bogin na ajiye ta a ambulan tare da tef ɗinta, ina jiran ranar da za su neme ta.