Digiri ta intanet: shekara biyu ina yabawa, dare ɗaya ya kusa rushe komai

Na zaɓi karatun digiri ta intanet ne saboda ba zan iya ajiye aiki ba, ga iyali. Yayana tun farko bai so ba. Kullum maganarsa ita ce, "Ka je aji a san fuskarka, ka san ta malami." Ni kuwa nakan ce masa, Yaya, ba yau aka fara karatu daga nesa ba. Jami'ar Landan tun 1858 take barin wanda bai zauna a ajinta ba ya yi jarabawa ya karɓi digiri, Mandela ma yana kurkuku ya yi karatun lauya ta wasiƙa, kuma tun 1969 Birtaniya ta kafa Open University don masu aiki irina. Kafin in biya ko sisi sai da na tabbatar hukumar da ke tantance jami'o'i ta amince da makarantar, kuma har yau ina godiya da na yi hakan.

Farkon abin ba ni da ta cewa. Darasi a naɗe yake, in ban gane ba in mayar da shi baya sau uku, ba mai hararata.

Jarabawar zango na huɗu ce ta sauya mini tunani. Wanda bai taɓa yi ba, ga yadda take: ka nuna katin shaidarka a kyamara, ka ɗaga kwamfutar ka zagaya da ita ɗakin har ƙarƙashin tebur, ka kai waya nesa. Manhajar sa ido sai ta kulle sauran shafuka, ta riƙa naɗar fuskarka da duk wani sauti. Na yi minti 40 ina rubutu, sai ƙaramar 'yata, shekararta uku, ta turo ƙofa da kofi a hannu, ta ce, "Baba, ruwa." Na ɗago kai na ce, "Je ki wurin Mama." Wallahi iyakar abin da ya faru ke nan. Na ƙarasa jarabawata hankali kwance.

Bayan kwana 9 abokan karatuna suka ga sakamakonsu, ni kuwa saƙo na gani: an riƙe nawa, wai an ga wani a ɗakin kuma an ji magana. Zargin satar amsa, ni da na kwana uku ina bitar kwas ɗin! Na rubuta musu bayani, na'ura ta turo mini lambar ƙorafi. Na sake rubutawa, wani ya amsa ya ce in yi bayani daga farko. Na uku, wani sunan daban, tambaya iri ɗaya. Babu ƙofar da zan ƙwanƙwasa, babu wanda zan kalli idonsa in ce don Allah buɗe bidiyon ka gani. Mako 7 aka yi a haka, kuma da yake sai an ci wannan kwas ake ɗaukar na gaba, rajista ta rufe ina kallo. Zango guda ya tafi a banza. A nan ne maganar Yaya ta dawo mini, na ji nauyinta.

Wata malamarmu ce, Allah ya saka mata da alheri, ta nemi bidiyon da kanta, ta kalla, washegari aka saki sakamakona. Har na ce shi ke nan, na yafe, karatun ai yana da kyau. Amma da na zauna rubuta wannan sharhi sai sauran abubuwa suka taso mini. Aikin rukuni da aka haɗa mu mutum biyar, biyu suka ɓace, ɗaya kuma darensa ne ranata, na ƙare ni kaɗai na yi kusan komai, maki kuwa iri ɗaya aka ba mu. Ga tambayar da za ka tura wa malami sai ranar miƙa aiki ta wuce amsa ta zo.

Ilimin na samu, a wurin aiki ma an ga bambanci. Tauraro uku cikin biyar nake ba su, ba ƙari. Saura kwas uku in gama. Yanzu duk ranar jarabawa da makulli nake rufe ƙofa, ina jin yarinyar tana bubbugawa tana kiran Baba, ba halin in amsa.